Makarantar da Ba Ta da Ƙararrawa

Huwaila, ninke takardar nan, ta sha hawaye haka nan.
Na ga kuɗin da suka rubuta.
Ni da na yi shekara talatin da alli a hannu
ban taɓa riƙe kwatankwacinsa a wata guda ba.
Sagir shekararsa biyu da 'yan watanni.
Ina za shi da jakar da ta fi shi nauyi?

Jiya da asuba, sanyin Jos na cizon yatsu,
ina alwala na jiyo ki ta katanga
kina sa masa safa: wannan dama, wannan hagu.
Ya ce "agu". Kika yi dariya, kika maimaita.
Ruwan butata ya huce a hannuna
ina tsaye ina saurare.
Darasi ke nan, 'yata, ba ki ma san kin bayar ba.

Kin ce ke ba ki yi nisa a karatu ba.
To, wa ya koya masa sallama a bakin ƙofa?
Wa ya ce masa wuta "zafi" tun bai taɓa ba?
In kin goya shi zuwa Farin Gada
kada ki bar bakinki a gida.
Kasa tumatir ki ƙirga da ƙarfi, ya ji.
Ba shi karas ya riƙe, kabeji ya shafa,
ya san dankali da ƙasar jikinsa.
Ngo Kaneng mai latas in ta gaishe shi da harshenta,
bar shi ya amsa, ko a karkace.
Kunne ba ya cika.

Kai kuma Mudassir, na gan ka, kada ka sulale.
Shekaranjiya ɗanka ya hau turmina,
ya kama muciya kamar kan keke,
ya dube ni ya ce, "Ba canji!"
Har da ɗaure fuskar.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni,
daga baya na yi shiru.
Abin da ka zubar a tsakar gida, shi yake tsinta.
Na san gajiyar Taminus zuwa Rikkos, sawu ashirin,
amma wayar da kake miƙa masa don ya bar ka
ba ta san sunan kakansa ba.
Minti goma. Kwanta ya hau cikinka,
ka ba shi labarin akuyar da ta tare maka hanya.

Bari in faɗa muku abin da ban cika faɗa ba.
Nafi'una yana da shekara huɗu
ya nuna min duwatsun Shere, ya ce,
"Wa ya ɗora wancan a kan wancan, bai faɗo ba?"
Littattafan 'yan aji biyar na gabana, jan biro a hannu.
Na ce, "Yi min shiru."
Ya kuwa yi.
Yaran mutane ɗari-ɗari na koya wa tambaya,
nawa na koya masa haɗiye ta.
Yanzu yana can Fatakwal, mutumin kirki,
yana kira ranar Juma'a, gaisuwa uku, sai an jima.

Don haka ba wa'azi na kawo ba.
Uwar da ba ta yi barci ba
ba ta da bakin tatsuniya, na sani.
Bayan azahar ki turo min shi.
Ina da murafen kwalba cikin gwangwani,
da tsohuwar kalanda mai hoton shanu.
Ke ki ja bargo, ki rufe ƙofa.
Wanke-wanken ba zai gudu ba.

In ya tambaye ni abin da ban sani ba,
zan ce, "Mu je mu gani."
Na makara da wannan amsar shekara talatin,
amma har yanzu tana nan, ba ta lalace ba.

Ga shi can ya cire safar hagu kuma.
Je ki.